Wai kotu na iya tilasta wa ma'aikaci ya yi aikinsa?

Ɗan Zariya: Jama'a, wata uku ke nan ina sintiri a wani biro kan sa hannu ɗaya tak. Yau a ce ya tafi jana'iza, gobe yana taro a Yamai. Kuɗin kabu-kabu kaɗai sun haura jika goma. Wallahi jastis zan kai shi, alƙali ya tilasta masa. Ma'aikaci baranmu ne, da harajinmu ake biyansa.

Mushe na Tibiri: Baranku? Gyara bakinka, ɗan'uwa. Shekara 19 ina riƙe da alli, ban taɓa zama baran kowa ba.

Hajiyar Mokoyo: Haba Mushe, ai ba zagi ba ne. Wanda ake biya don ya yi wa jama'a hidima, me sunansa?

Mushe na Tibiri: Sunansa ma'aikaci, Hajiya. Bara shi ke jiran ragowar tuwon maigida. Shi kuma mai maganar haraji ya nuno mana takardar wanda ya biya.

Lauyan Gobe: Ku dakata, iyayena. A tsarin da muka gada daga Faransa, hukumar ake kai wa ƙara, ba mutumin da ke zaune bisa kujera ba. Ka fara rubuta koke ga shugabansa, ka riƙe shaidar sun karɓa. In sun ƙi, ko sun yi gum har wa'adi ya cika, shirun ma ƙi ne a wurin doka, sai ka nemi kotu ta soke matakin. A da Conseil d'État, babbar kotun ƙararrakin hukumomi, ke duba irin wannan, daga 2023 wata kotun, Cour d'État, ta gaje ta. Horon mai fashin aiki kuwa na hukumarsa ne, yana cikin dokar ma'aikatan gwamnati ta 2007.

Ɗan Bagalam: Yaro, aje karatu. Mushe Bagobiri ne, ko sarki ka kira shi sai ya nemi faɗa.

Mushe na Tibiri: Bakatsine zai koya mini waye bara?

'Yar Kwantaragi: Ku ci gaba da raha. Mu da kuɗinmu ke zuwa a makare, wace kotu ta taɓa tilasta a biya mu kan lokaci? Ko bara ai ana ba shi abinci.

Hajiyar Mokoyo: To ga ta, ita ma ta ce bara!

'Yar Kwantaragi: Misali na yi, Hajiya, kada ki sa mini magana a baki.

Kawu mai kula da zaure: Na rufe. Abin da aka cimma: Ɗan Zariya ya zagi ma'aikata, ya kamata ya ba Mushe haƙuri. Yaron nan kuma ya tabbatar ba a kai ma'aikaci kotu. Ni da na yi shekara 30 a biro na san wuyar kujerar nan.

Lauyan Gobe: Kawu, ba haka na ce ba fa.

Ɗan Zariya: Ka turo mini yadda ake rubuta koken ta gefe.