Musayar Waƙa: 'Ya'yan Zango a Akoka

Ɗan Agege:
Bismillahi na fara, 'yan'uwa ku matso,
Yau waƙata ta Jami'ar Legas ce, Akoka.
A 1962 aka sa harsashinta,
Bakin ruwa, inda iska ke shafar fuska.
Osinbajo nan ya karanci shari'a,
Ya zam Mataimakin Shugaban Ƙasa, ba shakka.
Gbajabiamila shi ma nononta ya sha,
Kujerar Kakakin Majalisa a 2019 ya ɗauka.
Ambode nan ya koyi aikin akanta,
Ya riƙe Legas shekara huɗu, ka ji albarka.

'Yar Idi-Araba:
Yaya, duk wanda ka zana ya cancanta,
Amma ina 'ya'yan zango cikin jerinka?
Ni Idi-Araba aka binne cibiyata,
Katangar asibitin koyarwa nake gani in na farka.
Masu farar riga na wucewa, Inna na tuya,
Na ce wata rana ƙofar nan zan taka.
Yajin ASUU na 2022 ya ci wata takwas,
Muna zaune gida, littafi na cikin jaka.
Yau matan unguwa in sun zo awon ciki,
Da Hausa suke faɗa min ciwo, ba tafinta a tsaka.
Wannan ma ka sa shi a baitinka.

Baba na Mile 12:
'Yata, Allah ya yi miki albarka.
Ni ban zauna aji ba, kwando nake ƙirgawa,
Tun asuba in motar tumatir ta sauka.
Da ribar albasa na kai babban ɗana,
Yanzu ƙanensa ke so, wa zai nuna masa harka?

Ɗan Agege:
Baba, ka ce wa yaro can ba baƙo ba ne,
Ɗakunan kwanan ma da sunan manyanka:
El-Kanemi na maza, Amina na mata,
Ga Makaman Bida, duk suna nan Akoka.
Gado dai da wuya, mun sha kwanan cunkoso,
Mun bi danfo daga Yaba, ruwa na duka.
Amma bayan Isha'i a masallacin makaranta,
Mu da Yarabawa karatu muke tafka.

'Yar Idi-Araba:
To Yaya, kai riƙe lissafi, ni kimiyya,
Mu buɗe darasin JAMB, kyauta, ba ko sisinka.
Baba, Asabar bayan La'asar a Agege,
Turo shi da biro, mu kuma mu ɗauka.