Wa ya tsaya wa kuɗin kirifto?

Ɗan Kwari: Salamu alaikum. Zinare ana riƙe shi a hannu, dala kuma gwamnatin Amurka ce ta tsaya mata. To Bitcoin da USDT wa ya tsaya musu? Idan mutum ya zuba kuɗinsa, me ya saya takamaimai?

Mai Lissafi: Wa alaikumus salam, Alhaji. Biyun nan hanyar jirgi daban, ta mota daban.

Bitcoin babu wanda ya tsaya masa. Tun da aka fara shi a 2009 aka ƙayyade cewa ba zai wuce guda miliyan 21 ba. Kusan duk minti goma ana rufe shafi ɗaya na kundin cinikinsa, a biya masu haƙa (mainin), wato masu kwamfutocin da ke tabbatar da cinikin, lada da sabon Bitcoin. Bayan kowane shafi 210,000, wato kamar shekara huɗu, ladan yana raguwa da rabi. A Afrilun 2024 ya sauko daga 6.25 zuwa 3.125. Amma ƙaranci kaɗai ba ya sa abu tsada sai da masu nema. Farashinsa shi ne abin da mai saye na gaba ya yarda ya biya, shi ya sa ya kusa dala 69,000 a Nuwamban 2021, ya faɗo wajen 16,000 bayan shekara guda, sannan ya haye 100,000 a Disamban 2024.

USDT kuwa kamar takardar bashi ce. Kamfanin Tether ne ke fitar da shi, yana cewa kowane guda akwai ƙimar dala ɗaya a ajiye, galibi a takardun lamunin gwamnatin Amurka. Amanar kamfanin ka saya. TerraUSD, wani kuɗin kirifto da shi ma aka ce daidai yake da dala amma ba shi da irin wannan ajiya, ya rushe cikin 'yan kwanaki a Mayun 2022.

Hajiyar Canji: Malam ya gama magana a kan daraja. Dalilin saye a nan gida kuwa naira ce. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mai saye USDT dala yake ajiyewa ba tare da ya je Wapa ba, wasu kuma da shi suke biyan kuɗin kaya a Sin.

Inda ake tafka asara shi ne wajen ciniki ta P2P, wato saye da sayarwa tsakanin mutum da mutum ta manhaja. Manhajar ce ke riƙe USDT ɗin har a kammala. Idan kai ne mai sayarwa, kada ka danna saki don ka ga saƙon alat. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna, kuma sunan wanda ya turo ya yi daidai da na mai sayen. Kuɗin da ya fito daga asusun wani daban yana iya zama na sata, a rufe maka asusu. Wajen turawa kuma ka duba layin da USDT ɗin zai bi, don layukan daban-daban ne: adireshin TRC20 da harafin T yake farawa, na ERC20 da 0x. Fara gwadawa da dala biyar, don abin da ya tafi ba ya dawowa. Kalmomin sirri 12 da ke buɗe walet ɗinka, wato ma'ajiyar kiriftonka, a takarda ake rubuta su, ba a ɗaukar hotonsu.

Ɗan Kwari: Na gode, Hajiya. To ƙananan nan da yara ke mainin a waya, suna jiran su fashe?

Mai Lissafi: Alhaji, ninka farashi da yawan koyin ɗin (wato kuɗin kirifton) kawai. Hamster Kombat, ɗaya daga cikin irin waɗannan, guda biliyan 100 aka yi. Kafin ɗaya ya zama dala guda sai jimillar ta kai dala biliyan 100. Da aka buɗe kasuwarsa a Satumban 2024 a kusan santi ɗaya na dala ya fito, kowa kuma sayarwa ya zo yi, tunda kyauta ya samu.

Sai ka duba kuɗin da ke cikin kasuwar koyin ɗin. Walet na iya nuna maka dala 5,000 alhali duk abin da masu saye suka ajiye bai kai 2,000 ba. Akwai ma waɗanda aka rubuta tsarinsu yadda za a iya saye amma ba a iya sayarwa. Sayi na dala biyu, ka gwada sayar da shi nan take kafin ka ƙara ko kwabo.