Wa ke biyan mai jinya a gida?

Uwar Biyu, Tahoua: Salamu alaikum. Yayana ya shanye tun bara, ni ke juya shi, ni ke wanke shi. Na bar sai da ƙosai, jaka biyar ta kunzugun manya ba ta kai mako. Akwai kuɗin gwamnati na masu jinya a gida?

Malam na Lazaret: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan naƙasassu a 2008, an kuma yi doka a 2019. Amma albashin mai jinya, takarda dai muke jira ta zama hatsi.

Mai Keke: Yaya, ki je reshen FNPH, tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta Nijar, a rubuta sunansa. Da yawanmu ake jin muryarmu.

Uwar Biyu: Zan je, in na samu mai zama da shi.