Na sayi tsohuwar bindiga Abu Ashara, ƙotarta ta tsage: a ɗaure ko a sassaƙa sabuwa?

Ɗan Gadarif: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Shekara uku ke nan gadu da birai suna shiga gonar dawar da mahaifinmu ya bar mana, kuma tun da ƙanena ya koma Kasala ni kaɗai nake kwana a bukka idan dawa ta fid da kai. Shi ya sa da wani dattijo maƙwabcinmu ya ce zai rabu da bindigarsa mai sakata, Lee-Enfield ta Ingila wadda a nan Sudan muke kira Abu Ashara, wato mai goma da Larabci, saboda harsashi 10 da take ɗauka, ban tsaya dogon ciniki ba, na sayar da tumaki biyu na biya. Yanzu katakon da ke ƙarƙashin bututun ya tsage, gindin kuma yana girgiza. In ɗaure ta ne, ko in sa a sassaƙa sabuwar ƙota, kuma da wane itace?

Baffa na Mai Wurno: Wa alaikumus salam. Yaro, ba ka faɗa mana ko da tsaguwar ka saye ta ba. Ƙotar wannan bindiga gida biyu ce, kuma wata doguwar kusa ce ta cikin gindin take riƙe da shi. Idan samfurin Mark III ne da aka fara yi a 1907, bakin kusar mai kusurwa huɗu yana zaune ne a cikin katakon gaba, duk wanda ya murɗa ta bai cire wannan katakon ba, shi ya tsaga shi da hannunsa. Ka nemi busasshen maɗaci, kada ka saurari wata magana.

Ɗan Gadarif: Baffa, gaskiya na ɗan murɗa kusar, amma ina kyautata zaton katakon ya riga ya mutu, domin bindigar ta girmi mahaifina.

Kafinta daga Sinnar: Da girmamawa ga Baffa, ni bagaruwa zan zaɓa, wadda Larabawa suke kira sunut, domin gara ba ta cika damunta ba. Sai dai mutanenmu ba sa biyan kuɗin irin wannan aiki. Wani ya sa na yi sati biyu ina sassaƙa, har yau rabin kuɗina yana hannunsa.

Baffa na Mai Wurno: Bagaruwa ta turmi ce da jirgin ruwa, nauyinta zai karya masa kafaɗa kafin ya kai gona. Kuma kafin a yi maganar itace, a ɗaga bututun a rana a leƙa. Tsofaffin harsasan soja na .303, irin waɗanda wannan bindiga take ci, suna barin gishiri a ciki, idan ba a wanke da ruwan zafi ba tsatsa takan cinye zanen cikin bututun, sai a yi wa gawa sabuwar riga.

Hajiya daga Damazin: Ɗana, ba ka ambaci lasisi ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023, wa zai tsaya a shingen bincike ya saurari labarin gadu? Ɗan ƙanwata a kan wuƙar yanka kawai ya wuni a tsare.

Ɗan Gadarif: Inna, takardar tana nan da sunan dattijon, kuma ya yi mini alkawarin za mu je a sauya bayan girbi. Bututun kuwa ni a idona lafiya yake. Har yanzu ba a ce mini komai ba game da ɗauri, wanda shi ne ƙarfina zai iya a bana.

Baffa na Mai Wurno: Na riga na ce maɗaci.