Kwamfutar kyamarorin gidana ba ta ci gaba da ɗauka in wuta ta dawo: in gyara ta ko in sayi NVR?

Abban Nana:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa yi da hannunsu. Ina Tudun Wada, Gusau. Kyamara huɗu gare ni, biyu a ƙofar gida, ɗaya a gareji, ɗaya tana kallon lungun baya. Duk suna haɗe da wata tsohuwar kwamfutar tebur mai Windows 10, na sa mata Blue Iris, manhajar ɗaukar bidiyon kyamara. Duk sanda batirin inbata ya ƙare ta mutu, ko an kunna ta sai ta tsaya wajen lambar sirri, sai mutum ya shiga ya buɗe manhajar kafin ta ci gaba da ɗauka. Ni kuma kwana uku nake yi a Talata Mafara kowane mako, ɗakin da take a kulle. An ce mini ana mai da manhajar "sabis", ta riƙa aiki a bayan fage tun kafin kowa ya shiga. Wanda ya gwada, abin ya riƙe? Ko in haƙura in sayi NVR, wato akwatin da ke ɗauka da ajiye bidiyon kyamara ba sai da kwamfuta ba? Kuɗin abu ɗaya gare ni. Inbata kuma ina da ita.

Ɗan Ƙaura:
Wa alaikumus salam. Alhaji ka sayi inbata da sola kawai, magana ta ƙare.

Maman Ummi:
Sabis kuma? Mu a Samaru sai an hau bene ake samun sabis.

Injiniya Gada Biyu:
Hajiya ba na waya ake nufi ba. Abban Nana, ana yi, nawa ya fi shekara biyu a haka. Manhajar da ka buɗe da hannu tana rataye ne da shigarka, ka fita ta mutu. Sabis kuwa Windows ce da kanta ke tayar da shi lokacin da kwamfuta ke tashi, ko da allon lambar sirri na nan tsaye. A saitin Blue Iris, ɓangaren farawa, akwai ɗan akwatin da za ka latsa. Amma shi kaɗai bai isa ba. Ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga da an kunna kwamfuta kafin Windows ta tashi, ka zaɓi kwamfutar ta kunna kanta in wuta ta dawo, in ba haka ba sabis ɗin na nan kwance cikin kwamfutar da ke kashe. Ka hana ta barci gaba ɗaya. Sannan ka buɗe services.msc, wato jerin sabis na Windows, ka nemo sunan manhajar, ka saita cewa in ta faɗi a sake tayar da ita. In ka gama, zare wayar daga bango, mayar, kar ka taɓa komai, duba a wayarka ko hoto ya dawo. Ka yi haka sau uku kafin ka kama hanyar Mafara.

Baban Yusra:
Wallahi da na san wanga bayani bara da mashin ɗina na nan. Wani yaro ya haɗa mini kyamara uku da kwamfuta, ya amshi kuɗi nai ya ce komi ya yi daidai. Wata bakwai ina ganin ƴar jar wutar kyamara da dare ina barci da daɗi. Ana saura kwana huɗu babbar salla anka haura katanga anka ɗauke mashin da ragon layya. Mashin ɗin ko wata biyar bai yi ba, bashi nic ci na saye. Da safe na kira maƙwabta munka taru gaban kwamfuta, har da mai unguwa. Na kunna allo, sai ga ta tsaye wajen lambar sirri. Ashe ta yi sabuntawa da kanta cikin dare ta sake tashi, kwana tara ke nan ba ta ɗauki ko kaza ba. Kwana tara! Jami'an da munka kai ma ƙara sunka ce in kawo bidiyo, na rasa abin da zan ce masu. Na kira yaron ya ce ai ban ce mashi ina son ta riƙa tashi da kanta ba. To mi nika biyan kuɗin kyamara don shi? Har yau diyata in ta ga irin mashin ɗin a hanya sai ta ce Baba ga namu.

Maman Ummi:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, ya tona asirinsu.

Baban Yusra:
Amin Hajiya. Abin da ya fi ci mini rai, ko tsohon bidiyon da munka duba don mu ga masu zagayen gidan kafin ranar, kwanan watan duk ba daidai ba ne. Ƙaramin batirin nan na cikin kwamfuta ya mutu, duk sanda anka ɗauke wuta agogo ya koma baya. Abban Nana, ka fita batun kwamfuta, ka sai akwatin NVR. Shi aiki guda ya sani.

Injiniya Gada Biyu:
Allah ya kiyaye gaba, Baba. Batirin CR2032 ne, irin na makullin mota, ba tsada. Amma labarinka ai shi ne dalilin yin sabis ɗin. Da an saita, sabuntawar minti biyar kawai za ta ci maka.

Ɗan Ƙaura:
NVR mai hanya huɗu na Hikvision dubu 85 na sayo a Kano.

Sarkin Zolaya:
Wace shekara, kafin a cire tallafin mai? An ce mini dubu 160 a nan Gusau watan jiya.

Ɗan Ƙaura:
Da had-dis ko babu? Nawa babu.

Malamin Lissafi:
To ai shi ne rabin kuɗin. Kyamara ɗaya a megabit 2 cikin daƙiƙa tana cin kusan giga 21 a yini. Huɗu, giga 86. Tera ɗaya kwana 11 ke nan. Kuma akwai had-dis na musamman don ɗauka dare da rana, irin WD Purple ko SkyHawk. Ga wuta kuma: kwamfutar tebur mai jan wat 60 za ta sha kilowat-awa 1.4 a awa 24, batir ɗaya na 200Ah kuwa 2.4 ne a rubuce, rabi ake so ka ja. NVR bai kai rabin wannan jan ba. Abin da ke kashe kwamfutar Abban Nana ke nan tun farko.

Injiniya Gada Biyu:
Malam, lissafin allo daban, aikin hannu daban. Gida nawa ka haɗa?

Malamin Lissafi:
Nawa kaɗai, kuma bai taɓa tsayawa wajen lambar sirri ba. Masu cewa sun haɗa gida ɗari ai irinsu ne suka haɗa wa Baban Yusra.

Injiniya Gada Biyu:
Ka iya bakinka, Malam. Ni ban sayar wa kowa komai a nan ba.

Sarkin Zolaya:
Ku bar faɗa. A samo manya-manyan agwagi biyu a sa a tsakar gida, ba ruwansu da sabuntawa.

Yayar Khalifa:
Ni ƙanena ya sa mini irin ta waifai mai ajiya a intanet, dubu 38, ba kwamfuta ba waya. Ina kallo daga Sakkwato.

Malamin Lissafi:
Yaya, kin manta Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara? Makonni ba intanet. Mai irin taki in ba kati a ciki, babu abin da ya ajiye. A jiharmu dole bidiyo ya kwana cikin gida. Abban Nana, ka kuma tuna Windows 10 ta daina samun gyaran tsaro tun 14 ga Oktoba 2025, kar ka bar ta a buɗe ga intanet haka kawai.

Maman Ummi:
Tunda ana maganar kyamarar baya, don Allah masu sawa ku ji tsoron Allah. Maƙwabcinmu ya kafa tasa a saman tankin ruwa, tana kallon tsakar gidanmu kai tsaye. Nan muke wanki, nan ƴan mata ke kitso ba mayafi. Maigida ya yi masa magana sau biyu, ya ce lungu yake kallo. Yanzu da hijabi nake shanya a gidan aurena.

Baban Yusra:
Wanga zalunci ne Hajiya. Ku kai ma mai unguwa da liman.

Ɗan Ƙaura:
In ya sauke ta aka shigo ta lungun fa, wa zai biya?

Maman Ummi:
Ya sunkuyar da ita ƙasa mana! Katangarsa ce ko tawa?

Injiniya Gada Biyu:
Ana iya rufe wani yanki na hoton da baƙi a saitin kyamarar, ko shi ba zai gani ba.

Maman Ummi:
In yana rufewa da kansa ai yana buɗewa da kansa.

Abban Nana:
Na gode jama'a. Injiniya, na latsa akwatin, na shiga BIOS amma ban ga wajen wutar ba, HP ce. Kuma tun da na mai da ita sabis ta daina ganin ɗayan ma'ajin da nake tura bidiyo ta netwok. Gobe da asuba zan tafi.

Yayar Khalifa:
Hajiya, mu ma haka aka yi mana a Sabon Gari, sai da muka ƙara bulo uku a katanga. Nawa ake sayar da bulo yanzu a wajenku?