Yaya ake haɗa matcha da dabino ko madarar aya ba tare da ɗaci da gudaji ba?

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwata da ke karatu a ƙasar waje ta aiko mini da ƙaramin gwangwani mai giram 30 na garin matcha, koren shayin nan na ƙasar Japan, kuma ina so in riƙa haɗa shi da madara mai sanyi irin wanda ake sayarwa a wasu shagunan shan kofi. Ina tafasa ruwa ne in zuba a kan cokali ɗaya na garin, in juya da cokali, sannan in ƙara madara da suga, amma abin da ke fitowa yana da ɗaci da bauri, ga gudaji kwance a ƙasan kofi. Ina neman wanda zai nuna mini hanyar da ta dace. Haka kuma ina so in san wanne ne zai karɓe shi a cikin kayan da muke da su a gida, tsakanin dabino, aya, citta da zoɓo.

Dattijon Shayi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Ɗacin nan da kike ji daga tafasasshen ruwa yake. Mu da muka saba da shayin Buzaye, wanda ake barin ganyensa yana ɓararraka a buta a kan garwashi, mukan ɗauka kowane koren shayi wuta yake so, alhali shi matcha ba a dafa shi. Kimanin makonni 3 zuwa 4 kafin girbi, manoma a wurare irin su Uji da ke kusa da Kiyoto da Nishio da ke lardin Aichi sukan yi wa itacen shayin rumfa don ya rasa hasken rana, abin da ke sa ganyen ya ƙara kore, ya riƙe sinadarin da ke ba shi garɗi, ya kuma rage mai kawo bauri. Bayan an turara shi an busar, ana cire jijiyoyi da itacen jikin ganyen, sannan a niƙa shi a dutsen niƙa a hankali, har dutse ɗaya ba ya fitar da fiye da giram 30 zuwa 40 a awa guda. Garin da ya yi laushi haka, da zarar ruwa mai digiri 100 ya sauka a kansa, sai ya saki ɗacinsa gaba ɗaya. Abin da yake so shi ne ruwa mai digiri 70 zuwa 80. Idan ba ki da ma'aunin zafi, ki haɗa kashi 3 na tafasasshen ruwa da kashi 1 na ruwan da ba a sa a firij ba, za ki samu abin da ya yi kusa da haka.

Batun gudaji kuwa, ki sani cewa matcha ba ya narkewa a ruwa yadda suga ke narkewa, domin ganye ne sukutum aka mayar gari, kuma yawo kawai yake yi a cikin ruwan kafin ya kwanta. Ki fara tankaɗe giram 2, wato cokalin shayi ɗaya da ba a tula ba, da ƙaramar rariyar tace shayi busasshiya, kina danna shi da bayan cokali. Ki ɗiga masa ruwa kaɗan ki dama shi tukuna, kamar yadda ake dama ƙullun koko kafin a sheƙa masa ruwan zafi, sannan ki cika ruwan zuwa mililita 50 ko 60 ki burga. Mutanen Japan suna amfani da maburgin gora da suke kira chasen, wanda garin Takayama na lardin Nara ya shahara da sassaƙa shi, kuma ba zagaye kwano ake yi da shi ba, kai da komo ake yi da wuyan hannu da sauri har kumfa mai laushi ta rufe saman. Wanda ba shi da shi, kwalba mai murfi ta wadatar da shi: a zuba garin da ruwa mai ɗumi kawai, a rufe, a girgiza sosai.

Uwar Ɗaki ta amsa:

Baba Dattijo ya gama da gindin magana, ni kuma zan taɓa ɓangaren ɗanɗano. Shawarata, 'yar'uwa, ita ce duk abin da za ki ƙara, a cikin madara za ki sa shi, shi kuwa matcha ki dama shi shi kaɗai ki zuba a ƙarshe, domin ta haka ne za ki iya ɗanɗana madarar ki daidaita zaƙinta kafin ki taɓa garin da yake da tsada.

A cikin abubuwan da kika lissafa, dabino ne ya fi dacewa. Ki cire ƙwallon guda 2 ko 3, ki jiƙa su a ruwan zafi har su yi laushi, ki markaɗa su da madara mililita 150 zuwa 200, sannan ki tace don ɓawon kada ya dame ki a maƙogwaro. Ki cika kofin gilashi da ƙanƙara, ki zuba madarar, ki kawo matcha ki tsiyaya a hankali a kan ƙanƙarar, za ki ga koren ya tsaya a sama yana gangarowa cikin farin a zare a zare. Madarar aya ma tana yi ƙwarai, don zaƙinta na asali yana rufe ragowar baurin, sai dai a yi ta sabuwa a sha a ranar, tunda kowa ya san aya ba ta jure zafi, kuma a bar ta a sanyi, domin idan aka dafa ta kauri take yi saboda sitacin da ke cikinta. Idan za ki yi aya don wannan haɗin, kada ki sa mata kanumfari da citta da yawa irin na kunun aya na sayarwa, saboda ƙamshinsu zai danne shayin har ki rasa abin da kike sha.

Zoɓo dai ki bar shi a gefe. Tsaminsa yana tsinka madara, kuma tsami yana sauya launin koren ganye ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, haka ma lemon tsami da tsamiya idan haɗin ya jima a ajiye. Idan 'ya'yan itace kike sha'awa, mangwaro da ya nuna sosai ko sitiroberin da ake nomawa a Filato sun fi, a dafa su kaɗan da suga su yi kauri, a bar su su huce, a sa a ƙasan kofi kafin ƙanƙara.

Malamin Kimiyya ya amsa:

Hajiya Uwar Ɗaki, ban goyi bayanki gaba ɗaya a kan citta ba. Idan da zafi za a sha, musamman lokacin hunturu, siririn yanka ɗaya na ɗanyar citta da aka ɗumama a cikin madara aka cire yana tafiya da matcha da zuma lafiya lau. Garin busasshiyar citta ce ke da ƙarfin da ke ɓata shi.

Akwai kuma abin da ya kamata Malama ta kula da shi. Tunda ganyen gaba ɗaya ake sha, giram 2 na matcha na iya ɗaukar kafeyin da ya kai miligiram 60 ko fiye, saboda haka ba abin sha ne na bayan isha'i ba, kuma mai juna biyu, wadda likitoci ke ba shawarar kada ta wuce miligiram 200 a rana, sai ta haɗa shi cikin lissafi tare da kofi da sauran shayi. Mai ƙarancin jini kuma ta raba shi da lokacin cin abinci, domin shayi yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga ganyayyaki da wake. Garin zogale da wasu ke cewa madadinsa ne, launi kawai suka haɗa, ba shi da kafeyin kuma ɗanɗanonsa daban ne.

Maman Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura tambaya ɗaya: a ina zan ajiye gwangwanin, ganin irin zafin da muke ciki da rashin tsayayyar wutar lantarki?

Dattijon Shayi ya amsa:

Iska, haske, zafi da laima ne ke kashe shi, kuma alamar ya fara lalacewa ita ce koren ya dusashe ya koma rawaya-rawaya, ƙamshin ya zama na busasshiyar ciyawa. Idan firij ɗinki yana samun wuta, ki rufe gwangwanin da kyau ki sa shi a leda mai zif don kada ya ɗauki warin abinci, kuma idan kin fito da shi ki bari ya huce daga sanyin kafin ki buɗe, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan garin ya dunƙule. Idan kuwa wutar tana zuwa tana ɗaukewa, gara ki ajiye shi a kabad mai duhu nesa da murhu. Giram 30 kofi 15 ne, don haka ki yi ƙoƙarin shanye shi cikin wata ɗaya zuwa biyu bayan buɗewa.