Taƙaitawa: maganin ɗigawa da hudar bayan ido

Jama'a, maganar da ake yi kan ko maganin ɗigawa na iya rufe hudar bayan ido ta yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. Kusan kowa ya yarda cewa hudar da ke fita a tsakiyar tantanin bayan ido, wurin da ke ɗaukar hoto, ba ciwon kemis ba ne. Alamarta: layi miƙaƙƙe ya zama karkatacce, ko duhu a tsakiyar abin da ake kallo. Sai likita ya ɗauki hoton cikin ido za a tabbatar.

2. Inda aka rabu: wasu sun ce likitoci kan gwada maganin ɗigawa mai rage kumburi, kuma ƙaramar huda sabuwa takan rufe. Wasu suka ce babbar huda sai tiyata, a cusa iska cikin ido, mutum ya yi kwanaki yana kife fuska, ba hawa jirgin sama har iskar ta baje. A ganina duka biyun gaskiya ne, girman hudar ne alƙali.

3. Gargaɗin da aka fi nanatawa: maganin ɗigawa mai sitiroyid (wani sinadarin rage kumburi), in aka daɗe ana sa shi ba awo, yana jawo hawan jinin ido da yanar ido.

4. Ruwan albasa, kwalli, nonon mai jego: a bar su. Ba sa kaiwa bayan ido.

5. Walƙiya a ido, ko wani labule yana rufo gani, wannan ba na jiran ranar kasuwa ba ne. Daga Ringim ko Gumel, a kama hanyar Kano ran nan, Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin ido na ECWA.